Ranar da Injiniya Ya Karɓi Lamba Ɗaya

Tun da maigidana ya yi ritaya daga aikin kula da sito, babu abin da ya tsira a gidanmu. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana liƙa wa kaya lamba, ta ina zai iya naɗe hannu ya zauna? Kujerun falo sun samu lamba, bokitai sun samu lamba, murafen tukwane ma sai da na yi da gaske kafin ya ƙyale mini su. Abokansa suna kiransa Injiniya, ba don ya taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, sai don wata fanka da ya gyara musu ta koma tana hura rufin ɗaki, mutane na zufa a ƙasa. Su tsokana suke yi, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

'Yarmu ta fari, wadda muke kira Nas tun kafin ta gama makarantar jinya, ta daɗe tana neman aiki har ta fara ramewa. Sai ga wani babban asibiti ya kira ta intabiyu. Ta bidiyo za a yi, kuma dole da kwamfuta, don akwai wurin da za a sa ta rubutu suna kallo. Sun kuma faɗa ƙarara cewa duk wanda layinsa ya yanke bai dawo da wuri ba, za su wuce kan na gaba. Ni dai tun da na ji wannan sharaɗi gabana yake faɗuwa.

Ana gobe intabiyun, bayan azahar, Nas ta zo buga takardunta, kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba. Abu ne da muka saba da shi, a kashe a kunna ya wuce. Tsautsayi ya sa ubanta yana falo.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi. "Wannan ciwon daga tushe ake maganinsa."

Ya shige ɗaki da wayarsa, ya kalli wani bidiyo, rabinsa ma, don ya ce sauran rabin na 'yan koyo ne. Ya fito yana gyara zaman tabarau, ya tara mu, ni da Nas da mahaifiyarsa Iya, ya yi mana lacca. Ashe duk na'urar da ta shiga intanet ɗin gida, akwatin nan mai 'yan fitilu da ke kan kabad ne yake ba ta lamba, irin yadda ake ba mutane a layin asibiti. Yau ka samu bakwai, gobe ka samu goma sha biyu. Firinta ta canza lamba, kwamfuta kuma tana nemanta a tsohon wurinta. Maganin shi ne a ba firinta lamba ta dindindin wadda ba ta canzawa.

Na ce, "To ba ta mana, Baban Nas, mu huta."

"Firinta kaɗai? Ita ta samu matsayi, mu masu gidan muna yawo kamar 'yan haya? Yau kowa zai san wurinsa. Daga babba zuwa ƙarami za a bi."

Nas ta ce, "Baba, don Allah a bari sai jibi."

"Saboda ke nake yi. Gobe ki shiga gaban manyan likitoci da lambar da ba ki san daga ina ta fito ba?"

Ya buɗe kwamfutarsa, ya fara da kansa. Lambar doguwa ce, kashi huɗu, amma na ƙarshen ne kawai ke bambanta wani da wani. Yana leƙawa ya ga akwatin kan kabad ya riga ya riƙe lamba ɗaya. Fuskarsa ta canza.

"Ku zo ku ga rashin kunya. Akwati. Akwatin da ni na shigo da shi gidan nan a leda, shi ne na ɗaya."

Ya rubuta ɗaya a tasa. Kwamfutar ta fito da wani gargaɗi, ni ina tsaye a bayansa na ga ana maganar wai lambar tana da mai ita. Kafin in karanta layi na biyu ya kore shi.

"Me ta ce?"

"Gaisuwa ce. Haka suke yi idan sun ga wanda ya san aiki."

Iya tana kan kujerarta tana sauraren wa'azi a waya, ashe kunnenta ɗaya yana wurinmu. Ta ce, "Kai ɗan nan, idan kai ne ɗaya, ni da na haife ka nawa ce?"

Wannan tambaya ba ta cikin bidiyon. Ya sosa ƙeya, ya ce ai akwai abin da ke gaban ɗaya, ya karɓi wayarta ya rubuta sifili.

"Sifili ka ba ni?"

"Iya, a ilimin kwamfuta sifili shi ne uwar lambobi."

"A ilimin gidanmu kuwa shi ake ba daƙiƙi a makaranta. Na san shi, ka sha kawo mini shi."

Allah ya taimake shi wayar ma ta ƙi karɓar sifilin. Aka daidaita a kan biyu, Iya ta karɓa tana ƙunƙuni. Ni na samu uku, Nas huɗu, firintar da aka fara taron dominta ta zo ta biyar. Ya danna wani wuri, firinta ta yi kuka, ta tofo takarda. Ya ɗaga ta sama yana juya ta kowa ya gani.

A daidai nan malamin da ke wa'azi a wayar Iya ya tsaya a tsakiyar kalma. Na duba tawa, babu intanet. Nas ta duba kwamfutarta, babu.

"Ɗan jira ne," in ji Injiniya. "Kowa yana sabawa da sabon matsayinsa."

Ba a jima ba muka ji sallama. Tela ne, wanda shagonsa ke manne da katangarmu. Shi da Mai Kyamis na tsallaken titi duk da intanet ɗinmu suke aiki, kuma ba sata suka yi ba. Injiniya ne da kansa ya bi layi yana rarraba kalmar sirrin, don kowa ya shaida nasa ya fi na kowa ƙarfi.

"Injiniya, lafiya kuwa? Wata mata tana turo mini hoton ɗinkin da take so, ya sauko daga wuya zuwa ƙirji ya tsaya. Ban san ko riga ce ko doguwar riga ba."

"Daga kamfani ne. Nan ciki komai ras yake. Ga shaida." Ya miƙa masa takardar da firinta ta buga.

Tela ya juya ta gaba da baya. "Wannan zan ɗinka mata?"

Injiniya ya rufe kwamfutarsa, ya zura ta a jaka, ya ce yanzun nan zai je ofishin kamfanin ya koya musu aikinsu. Bai kai bakin layi ba malamin Iya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tela ya leƙo ta taga ya ce ashe doguwar riga ce. Na kira maigida na ce ya dawo, abu ya gyaru.

Ya shigo yana taku ɗai-ɗai. "Sun ji ina tafe. Irin waɗannan kamfanoni suna da masu ba su labari." Ya zauna, ya buɗe kwamfuta don ya nuna mana yadda lambobin suka jeru gwanin sha'awa. Malamin Iya ya sake yin shiru.

Wannan karon waya ya buga musu. Ya fita tsakar gida, ni kuma na tsaya a ƙofar kicin ina jin ɓangarensa.

"A'a, ban taɓa komai ba, gyara dai na yi... E, ni na sa... Ɗaya mana, to nawa zan sa?... Wa zai sauka? Ni?... Yarinya, kin san da wa kike magana? Shekarun da na yi ina ba kaya lamba sun fi shekarunki... To ki gaya wa akwatin shi ya koma biyu. Au, biyu ta Iya ce. Ya koma shida."

Ya kashe wayar, ya shigo ya sanar da mu cewa kamfani ya amsa laifinsa.

Na ce, "Baban Nas, na ji kamar ana cewa wani ya sauka."

"Maganar farashi ce. Ke dai ki ji da girkinki."

Nas ta tashi. Ta ɗauki kwamfutarta ta shiga ɗaki, ta gwada jona ta da datar wayarta, ko da abu zai ɓaci gobe. Kwamfutar ta ƙi. Lamba huɗun da ubanta ya rubuta mata ta manne, duk inda ta je da ita take gabatar da kanta, wayar kuwa ba ta san wannan lamba ba. Ta fito ta roƙe shi ya cire mata, ya mai da ita yadda take.

"Ke ba ki san ma'anar dindindin ba?"

Ni na san fuskar mijina. Ba ƙi ya yi ba, hanyar komawa ce bai sani ba, tana cikin rabin bidiyon da ya bar wa 'yan koyo. Da aka kawo abinci ya rufe kwamfuta, intanet ya dawo, ya ce mun gani, dama zafi akwatin ya ɗauka. Nas ta ci loma biyu ta tashi. Na ji haushinsa har cikin raina, amma na ce tunda abu ya dawo, bari in yi shiru kada in tayar da wani gyaran.

Da safe komai lafiya lau. Nas ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta jera takardu a teburin falo, ta gwada kyamara. Ina cikin yi mata addu'a sai ga Injiniya ya fito da jakar kwamfutarsa.

"Bari in ƙara masa ƙarfi kafin su kira."

"Baba, yana aiki."

"Yana aiki irin na gama-gari. Ni na musamman nake so."

Ya buɗe. Hoton Nas ya daskare a allo, baki a buɗe. Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa.

Iya ta ajiye kofin shayinta. "Ɗan nan, tun jiya nake lura. Ka fita, malamina ya yi magana. Ka shigo, ya yi shiru. Ni ban san boko ba, amma ko ma mene ne, a jikinka yake."

"Haba Iya, wannan ai camfi ne. Kimiyya ba ta—"

"Tashi ka fita."

"A gidana?"

"A cikina ma ka zauna, da lokaci ya yi na fitar da kai. Tashi."

Ya tattara jakarsa, yana cewa zai fita ne don kansa, dama yana so ya auna ƙarfin sabis daga waje. Yana tsallake ƙofa hoton Nas ya motsa. Ba a daɗe ba suka kira. Likitoci biyu ne da wata babbar nas mai tabarau, kowa a ɗan akwatinsa a allo. Na koma bayan labule ina saurare. Yarinyar nan ta fara amsa tambayoyi tiryan-tiryan, murya ba rawa, har na ji ƙwalla ta zo mini don daɗi.

Sai hoton ya tsaya.

Ya dawo. Babbar nas ta ce, "Muna jin ki, ci gaba." Nas ta buɗe baki, ya sake tsayawa. Ya dawo, ya tsaya, ya dawo, kamar wani yana wasa da makunnin fitila. Da ya dawo na ƙarshe, ɗaya daga cikin likitocin ya ce, "Malama, idan ya sake yankewa za mu ɗan jira ki kaɗan, daga nan sai dai haƙuri." Kafin ta amsa ya yanke.

Ban san lokacin da na figi mayafi na yi waje ba.

A bencin ƙofar shagon Tela na same shi, kwamfuta a cinya, jama'a sun kewaye shi. Ashe da ya zauna bai iya yin shiru ba, sai da ya tara mutane yana ba su labarin yadda ya tsara gidansa, ya buɗe kwamfutar don ya nuna musu lambobin. Daga bencin nan kuwa sabis ɗinmu yana kaiwa sarai. Yana buɗewa, bidiyon da Tela ke kallo ya tsaya. Mai Kyamis, wanda dama bai yarda da komai sai ya gwada, ya ce a yi gwaji. Na tarar kowa ya ɗaga wayarsa sama, Mai Kyamis yana ba da umarni.

"Rufe."

Injiniya ya rufe. Aka ɗan jira. "Ya dawo," in ji jama'a.

"Buɗe."

Ya buɗe. "Ya tafi."

"Dacewa ce kawai," in ji Injiniya. "Iska ce take kaɗa sabis. Ku dubi bishiyar can."

"Ganye ko ɗaya ba ya motsi," in ji Tela.

"Ta sama nake nufi, inda ido ba ya kaiwa."

Mai Kyamis ya ce, "Injiniya, a shagona idan mutum ya sha magani ya yi amai, ya bari ya warke, ya sake sha ya yi amai, ba ma cewa iska ce."

"Kai da ka san ƙwayoyi, ina ruwanka da lambobi?"

Wani mai gyaran babur ya ce, "To wai wace lamba ka ba kanka?"

"Ɗaya."

"Akwatin fa?"

"Shi ma ɗaya yake iƙirari. Rigimar ke nan. Ni kuma ba zan sauka wa roba ba."

Tela ya dafe kai. "Wato duk saƙon da za a fitar daga layin nan, ana neman mai lamba ɗaya a ba shi ya kai waje, sai a tarar da kai a zaune?"

"Ni ai ban ga wani saƙo ba."

"Shi ne matsalar. Jiya ma hoton rigata a wurinka ya maƙale ke nan."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na kutsa tsakiyarsu na ce, "Baban Nas, 'yarka tana gaban likitoci, kai kana nan kana buɗe-rufe da rayuwarta. Rufe abin nan."

Da a ɗaki na faɗa masa, da ya rufe. Amma a gaban Tela da Mai Kyamis da rabin layi, sai ya ƙara ɗaga murfin. Ya ce a ba shi dama ɗaya, zai sauya lambar akwatin yanzun nan kowa ya ga wanda ke da gaskiya. Ya fara danne-danne, zufa tana ɗiga daga haɓarsa kan madannai.

Ƙofar gidanmu ta buɗe. Nas ce, cikin kayanta masu kyau, ba ko takalmi. Ba ta yi ihu ba, ba ta ma ƙaraso ba. Daga bakin ƙofa ta tsaya, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, sun ce za su wuce kan na gaba."

Injiniya ya ɗago kai. Ya dube ta, ya dubi allon, ya dubi mutanen da ya tara da bakinsa. Wallahi duk haushin da nake ji, a lokacin sai da ya ba ni tausayi. Ya sa hannu biyu ya rufe kwamfutar a hankali.

"Koma ciki, uwata. Yi sauri."

Ta juya da gudu. Tela yana kallon wayarsa, can ya ce, "Ya dawo." Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Iya ta fito tana dogara sandarta, ta zauna kusa da shi a bencin. Ta zare kwamfutar daga cinyarsa, ta ɗora a tata, ta kafa gwiwar hannu biyu a kai.

"Iya, za ki fasa allon."

"Da na yi wa unguwa aiki."

Haka suka zauna, uwa da ɗa, rana tana hawa. Babu wanda ya watse, kowa yana jiran ya ji yadda za a ƙare. Sau ɗaya Injiniya ya miƙa hannu wai zai share ƙura a murfin, Iya ta buge hannun. Ni ina kai da kawo tsakanin ƙofa da labule. Sun karɓe ta, suna ta yi mata tambayoyi, har wani lokaci na ji kamar ana dariya a allon, ban dai ji abin da aka ce ba.

Can Nas ta fito, wannan karon da takalmi. Ta zo ta durƙusa gaban kakarta da ubanta.

Injiniya ya kasa haɗa ido da ita. "Yaya aka yi?"

"Sun ce in je a duba takarduna, in fara."

Iya ta yi hamdala. Ni kuwa na zauna a dakalin shagon. Tela ya ce shi zai ɗinka mata kayan aiki na farko. Mai Kyamis ya ce, "To dariyar me muka jiyo ta taga?"

Nas ta ɗan saci kallon ubanta. "Tambayar ƙarshe ce. Babbar nas ta ce, idan kina kula da majinyaci, sai ga wani ɗan'uwansa mai ƙaunarsa ƙwarai ya dage sai ya gyara robar ƙarin ruwa da hannunsa, an hana shi ya ƙi ji, me za ki yi?"

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan yi masa faɗa ba, don so ne ya kawo shi. Zan fitar da shi waje, in ba shi benci, in nemo mahaifiyarsa ta zauna kusa da shi. Babban likitan ya ce tun safe suke wannan tambayar, ba su ji amsa mai kyan tawa ba."

Layi ya ɗauki dariya, har mai gyaran babur yana dukan cinya. Na zaci ƙasa za ta tsage maigidana ya shige. Ina! Sai na ga ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara tabarau, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Tambayar da ta fi kowace wuya, wa ya shirya ta a kai?"